Mutum Goma da Littafi Ɗaya: Yadda Majami'ar Yahudawa Ke Ratsa Lokacin Tsanani

Yawancinmu ta ƙofa biyu muka san Yahudawa. Ko dai ta ƙissoshin Bani Isra'ila da muke ji a wajen tafsiri ko a coci, ko kuwa ta labaran rediyo a kan rikicin Falasɗinu. Tsakanin zamanin annabawa da labaran ƙarfe shida akwai shekaru kusan dubu biyu na zaman jama'a da ba kasafai ake ba mu labarinsu ba: yadda suke haɗuwa su yi ibada, wanda ke jan su, abin da suke yi idan an yi rashi, da abin da suke faɗa wa Ubangiji da junansu idan duniya ta juya musu baya.

Yahudawan duniya duka ba su wuce miliyan 16 ba. Kimanin miliyan 7 suna Isra'ila, wajen miliyan 6 ko fiye suna Amurka, sauran sun warwatsu a Faransa, Kanada, Ingila, Ajantina da wasu ƙasashe. Tsarin ibadar da za a bayyana a nan ya girme wa ƙasar Isra'ila ta 1948 nesa ba kusa ba. An gina shi ne lokacin da ba su da ƙasa, ba su da sarki, ba su da soja, kuma wannan rashin ne ya ba shi kamanninsa.

Daga Haikali zuwa majami'a

A da, cibiyar addinin ɗaya ce tak, Haikalin da ke birnin Ƙudus. Can ake yanka hadaya safe da yamma, firistoci ne ke yi, aikin kuma gado ne. Babiloniyawa sun rushe na farko a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Aka sake gina wani, shi kuma sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka ƙone shi a shekara ta 70 miladiyya. Addinin da ibadarsa ta rataya a kan gini ɗaya, ga ginin ya zama toka. A irin wannan hali addinai da yawa na zamanin suka ɓace.

Littattafansu sun ruwaito cewa wani malami mai suna Yohanan ben Zakkai ya fita daga birnin tun ana tsakiyar ƙawanya, almajiransa na ɗauke da shi a makara kamar gawa. Ya nemi Rumawa su bar masa garin Yabne ya zauna da malamai. A nan da makarantun da suka biyo baya aka tsayar da cewa addu'a da karatu da kyautata wa mutane sun tsaya a madadin yanka. Aka daidaita lokutan addu'a da lokutan hadayar da: safe, da yamma, aka ƙara ta dare. Majami'u sun wanzu tun kafin rushewar, har a Masar, amma daga nan ne suka zama ginshiƙi.

Abin da ya fito daga wannan gyara shi ne ibadar da ake iya ɗauka a tafi da ita. Ba ta buƙatar gini na musamman. Ɗaki ya isa, shago ya isa, gindin bishiya ma ya isa. Ba ta buƙatar malami. Duk baligin da ya iya karatun zai iya jan jama'a. Abu biyu kawai ba ta tafiya sai da su: littafin Attaura, da mutum goma.

Wannan adadi na goma shi suke kira minyan. Akwai addu'o'in da mutum ke iya yi shi kaɗai, amma manyan sassan ibadar jam'i, da karatun Attaura a bainar jama'a, da addu'ar mamaci, ba sa halatta sai goma sun cika. A wajen masu riƙo da tsohuwar hanya, wato Otodoks, maza baligai kaɗai ake ƙirgawa, daga shekara 13. Ɓangaren masu matsakaicin ra'ayi a Amurka ya yarda a ƙirga mata tun 1973, masu sassauci kuma sun riga su daidaita maza da mata. Yahudawan gabashin Turai suna da karin magana cewa malamai tara ba su cika jam'i, amma dukawa goma sun cika. A ƙananan garuruwa har yau akan ga mutum tara a tsaye da asuba suna duba agogo, ɗaya na buga waya gida-gida, wani ya leƙa titi ko Allah zai kawo na goma. A ganina wannan ƙa'ida ita ce mafi hikima a duk tsarin, don ta sa kowa ya zama abin nema. Attajiri ɗaya ne a ƙidaya, mai shara ma ɗaya ne, kuma wanda ya ƙi fitowa ya san akwai mutum tara da ya tsayar.

Cikin majami'ar kanta babu gumaka, babu hotunan mutane. A bangon da ke fuskantar Ƙudus akwai taska mai labule inda ake ajiye naɗaɗɗen littafin Attaura, rubutun hannu a kan fata, haruffa 304,805, aikin da kan ci marubuci wajen shekara guda. Ana karanta shi Litinin da Alhamis da Asabar, an raba shi kashi 54 don a sauke a shekara. Malamin da suke kira rabbai ba mai shiga tsakanin bawa da Ubangiji ba ne. Masanin shari'a ne, mai wa'azi da fatawa, kuma a ƙasashe da yawa kwamitin jama'a ne ke ɗaukarsa aiki, shi ke iya sallamarsa. A gefen majami'a akwai ƙungiyoyin da ba a cika jin su ba sai ta ɓaci: masu wankan gawa da binnewa, masu dubiyar marasa lafiya, da asusun rance marar ruwa.

Makoki mai iyaka

Inda za a fi gane aikin jam'in nan shi ne wajen mutuwa. Ana gaggauta binnewa. Makusantan mamaci, wato iyaye, 'ya'ya, 'yan uwa da miji ko mata, sukan yaga rigarsu a ƙirji, su koma gida su zauna kwana bakwai a kan kujeru 'yan guntaye ko a ƙasa. Ba aiki, ba aski, ba takalmin fata, a gidaje da yawa har madubi ake rufewa. Abincin farko bayan dawowa daga maƙabarta maƙwabta ne ke kawowa, galibi da dafaffen ƙwai. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, ya san zaman makoki da kwanukan maƙwabta. Abin da zai iya ba shi mamaki shi ne ladabin mai ta'aziyya: ya shigo ya zauna shiru, ba ya fara magana sai mai makoki ya fara. In bai ce komai ba, zaman ya wadatar. Da yake mai makoki ba ya fita, jam'in ne ke zuwa gidansa safe da yamma. Idan Asabar, ranar hutunsu, ta shigo a cikin kwanakin, akan ajiye alamun makoki na fili har ta wuce.

Bayan bakwai sai sassauci zuwa kwana 30. Wanda ya rasa uwa ko uba kuwa zai riƙa karanta wata addu'a mai suna Kaddish kullum har wata 11, sannan duk shekara ranar rasuwar. Addu'ar da harshen Aramaik take, kuma babu ambaton mutuwa ko mamaci a cikinta ko sau ɗaya. Girmama sunan Allah ce da roƙon zaman lafiya. Mai makoki ya faɗi nasa, jama'a su amsa, in babu masu amsawa ba a yin ta. Ma'ana, mutumin da baƙin ciki ke ja zuwa ƙuryar ɗaki, shari'a ta tilasta masa fitowa kullum ya tsaya cikin mutane na kusan shekara. Da yawa daga waɗanda suka yi watsi da majami'a tun suna samari, ta wannan ƙofa suke dawowa.

Yadda aka yi wa makokin mutum ɗaya ma'auni, haka aka yi wa na al'umma. Ranar 9 ga watansu na Ab, wadda ke faɗowa a Yuli ko Agusta, ita ce ranar tuna rushewar Haikali biyun. Azumi ne na kusan awa 25, ba ci ba sha. A rage hasken majami'a, a zauna a ƙasa, a karanta littafin Makoki da ake jingina wa Annabi Irmiya, a bi shi da waƙoƙin juyayi da aka tara ƙarni bayan ƙarni: na kisan da mayaƙan Salibiyya suka yi a garuruwan kogin Rhine a 1096, na ƙona littattafan Talmud, babban kundin shari'arsu, a birnin Faris na Faransa a ƙarni na 13, har zuwa na zamanin Hitila. Kusan duk masifun an tattara su a rana ɗaya. Da ta wuce, Asabar bakwai a jere ana karanta ayoyin lallashi daga littafin Ishaya, su kai mutum bakin sabuwar shekara. Daga nan kwana goma na tuba, a rufe da Yom Kippur, babbar ranar azumi da neman gafara. A ranar ana furta zunubai da lamirin jam'i, mun yi kaza, mun yi kaza, ko da mai faɗar bai aikata ba. Kuma koyarwarsu ita ce laifin da ke tsakanin mutum da mutum azumi ba ya kankare shi sai an je an nemi yafiyar wanda aka cuta.

A ƙarƙashin wannan duka akwai tsohuwar amsa ga tambayar me ya sa: saboda zunubanmu. Talmud ya ce ƙiyayyar banza tsakanin 'yan uwa ce ta ci Haikali na biyu, bai tsaya a kan ƙarfin Rum ba. Amsar tana da amfani, don tana juya fushi ya koma binciken kai, kuma tana ba wanda aka fi ƙarfi abin yi. Tana kuma da haɗari, don tana iya ɗora wa wanda aka zalunta laifin zaluncin.

Malamansu sun san haɗarin tun da wuri. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba a Andalus, ya yi hijira da iyalinsa bayan mayaƙan daular Muwahhidun sun ci garin a 1148, ya bi ta Fas, ya ƙare a Masar yana likita a fadar Ayyubawa har ya rasu a 1204. Ya rubuta wasiƙa yana kare waɗanda aka tilasta wa barin addini a baki, yana tsawata wa malamin da ya yanke musu ƙauna. Wajen 1172 ya aika wata ga Yahudawan Yaman da ke cikin matsi, da Larabci cikin haruffan Ibrananci, ya nemi a karanta wa jama'a. Zaman Yahudawa a ƙasashen Musulmi ya ga fari ya ga baƙi. Da Sifen ta kore su a 1492, Daular Usmaniyya da Maroko ne suka karɓi da yawansu. A ƙarshen wannan ƙarni kuma aka rushe majami'ar Tamantit a Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, bisa fatawar Shehu Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Alƙalin Tuwat na lokacin bai yarda da fatawar ba, malaman Magrib kuma suka rabu a kanta.

Wa'azin da aka binne a Warsaw

Babu inda aka gwada tsohuwar amsar kamar Turai tsakanin 1939 da 1945, lokacin da 'yan Nazi suka kashe Yahudawa miliyan 6. Akwai rubutu ɗaya da ya nuna gwajin mako-mako, daga bakin mai wa'azi da ke cikin wutar.

Sunansa Kalonymus Kalman Shapira, malamin garin Piaseczno kusa da Warsaw a ƙasar Folan, an haife shi a 1889. Shehi ne na ɗariƙar Hasidawa, masu ba zuciya da shauƙi muhimmanci a ibada, kuma ya yi suna wajen tarbiyyar yara. A Satumban 1939, da jiragen Jamus suka yi wa Warsaw ruwan bama-bamai, ɗansa namiji tilo ya ji rauni ya rasu. Matar ɗan da wata surukar malamin bom ya kashe su a ƙofar asibitin da suke jiransa. Ba a jima ba mahaifiyarsa ta bi su. A Nuwamban 1940 aka kewaye unguwar Yahudawan Warsaw da katanga, aka cusa mutum fiye da 400,000 a filin da bai kai murabba'in kilomita 4 ba. Yunwa da zazzaɓin kwarkwata suka riƙa kwasar dubbai duk wata. Ibadar jam'i ta zama laifi. Shi kuwa ya ci gaba da tara mutane a ɓoye ranar Asabar yana fassara musu karatun makon, sannan in Asabar ta fita ya rubuta abin da ya faɗa, don ba a rubutu a ranar.

Wanda ya bi wa'azozin a jere zai ga malamin yana canzawa. A farko yana kan tsohon layi: wahala kira ce zuwa tuba, a riƙe Asabar, a riƙe karatu. Amma tun a watannin farko ya fara jayayya. Da aka zo kashin da ke ba da labarin rasuwar Saratu matar Annabi Ibrahim, ya lura cewa labarin ya biyo bayan na yanka ɗa, wanda a ruwayar Attaura Ishaƙa ne. Ya kawo misalin gishiri: daidai gwargwado yana gyara nama, in ya yi yawa naman ba ya ciwuwa. Ya ce rasuwar Saratu hujja ce da aka gabatar a gaban Ubangiji cewa ko salihan bayi akwai nauyin da ba sa iya ɗauka. Mutumin da bai daɗe da binne ɗansa ba ne ke faɗar haka, ga mutanen da kowannensu ya binne wani.

Zuwa 1942 ya kusan daina maganar zunubi. Ya koma kan wata tsohuwar magana ta Talmud cewa Ubangiji yana da ɓoyayyen wuri inda yake kuka saboda halin bayinsa. Musulmi zai ji nauyin wannan lafazi, wasu malaman Yahudawa ma, irin su Musa bin Maimun, ba sa ɗaukar irinsa a kan zahirinsa. Amma abin da Shapira ya gina a kai a fili yake. Ya ce wanda ke kuka shi kaɗai kukan na iya karya shi har ya kasa komai, wanda kuwa ya san ba shi kaɗai ke kukan ba, zai yi kukan ya kuma tashi ya buɗe littafi. Bai yi wa jama'arsa alkawarin cewa gobe za ta yi kyau ba. Abin mamaki kuma, da ƙyar za ka ga ya ambaci Jamusawa da suna.

A ƙarshen 1941 ya taɓa ce wa mutanensa kada su ɗauka wahalarsu ta fi ta magabata. Ranar 22 ga Yulin 1942, jajibirin azumin 9 ga Ab, aka fara kwashe mutanen unguwar zuwa sansanin Treblinka. Cikin wata biyu an tafi da fiye da 250,000, har da 'yarsa da ta rage masa. Bayan haka ya koma kan wancan shafi ya ƙara bayani a gefe cewa maganar ta yi daidai a lokacin da ya faɗe ta, amma abin da ya biyo baya bai san irinsa ba a duk tarihin da ya karanta. Bai goge na farkon ba. Wannan ɗan ƙarin ya fi mini wa'azi da yawa daraja, don ba kowane malami ke yarda abin da ido ya gani ya gyara masa abin da baki ya faɗa ba.

A farkon 1943 ya miƙa takardun ga ƙungiyar sirri ta masanin tarihi Emanuel Ringelblum, wadda ke tara shaidun rayuwar unguwar tana binnewa. An kashe Shapira a Nuwamban shekarar. A Disamban 1950 ma'aikatan gini suka tono tulunan ƙarfe na madara biyu a kangon unguwar, rubutun na ciki. An buga shi a 1960 da sunan Esh Kodesh, wato Wuta Mai Tsarki.

Ba shi kaɗai ba ne. A killatacciyar unguwar Kovno ta Lituweniya, wani matashin malami, Ephraim Oshry, ya riƙa amsa fatawoyi yana rubutawa a guntayen takarda. An tambaye shi ko masu aikin bauta za su ci gaba da addu'ar safe ta gode wa Allah da bai yi su bayi ba. Ya ce su ci gaba, don 'yancin da ake nufi ba na jiki ba ne. Regina Jonas, mace ta farko da aka naɗa rabbai, a Jamus a 1935, ta yi wa'azi da lallashin sababbin zuwa a sansanin Theresienstadt kafin a kashe ta a Auschwitz a 1944.

Bayan yaƙin kai ya rabu, kuma har yau bai haɗu ba. Richard Rubenstein ya rubuta a 1966 cewa ba zai ƙara yarda da Ubangijin da ke hukunta mutane ta hannun Hitila ba. Emil Fackenheim ya ce barin addinin yanzu daidai yake da ba Hitila nasarar da bai samu da rai ba. Joseph Soloveitchik, babban malamin Otodoks a Amurka, ya ce tambayar me ya sa ba ta da amsar da ɗan Adam zai kai gare ta, tambayar da ke da amfani ita ce me ya wajaba a kaina yanzu. Wasu ƙalilan sun tsaya a kan cewa hukunci ne. Mutane masu waɗannan ra'ayoyi duka kan tsaya a sahu ɗaya, don ba a tambayar na goma abin da ke zuciyarsa kafin a ƙirga shi.

A nahiyarmu ma an ga irin wannan juriya. Abayudaya na gabashin Yuganda, waɗanda suka rungumi addinin tun wajen 1919 ƙarƙashin Semei Kakungulu, Idi Amin ya haramta ibadarsu, aka rufe majami'unsu, 'yan ɗaruruwan da suka rage suka koma yi a ɓoye har gwamnatinsa ta faɗi a Afrilun 1979.

Annobar korona ta kawo gwaji na daban, don a karon nan taruwar ce haɗarin. Shari'arsu ta ce ceton rai yana gaba da kusan kowace doka, saboda haka a 2020 aka rufe majami'u, har na masu tsauri da yawa, ko da yake wasu sun yi taurin kai kuma sun ji a jikinsu. Sai gardama ta tashi: mutum goma a Zoom sun cika jam'i? Masu sassauci suka ce e. Yawancin malaman Otodoks suka ce sai an haɗu a wuri ɗaya, ga shi kuma ba sa taɓa na'ura ranar Asabar. Sai aka ga maƙwabta a tsaye kowa a barandarsa, suna ganin juna, suna amsa wa mai makoki daga nesa.

Ƙofa: a buɗe ko a kulle

Matsalar yau ta ƙofa ce. Ranar 27 ga Oktoban 2018 wani ɗan bindiga mai aƙidar fifita farar fata ya shiga ginin Tree of Life a Pittsburgh, inda jama'u uku ke ibadar Asabar, ya kashe mutum 11, yawancinsu tsofaffi, irin masu sammakon da jam'i ke cika da su. A Halle ta Jamus, ranar Yom Kippur ta 2019, ƙofar katako ce ta hana wani maharin shiga kan mutum wajen 50, sai ya kashe mutum biyu a waje. Majami'ar Ghriba ta tsibirin Jarba a Tunisiya, wadda ke cikin mafi daɗewa a Afirka, an kai mata hari a 2002 da kuma 2023. A Colleyville ta jihar Texas, a Janairun 2022, malamin majami'ar ya ga baƙo a ƙofa cikin sanyi, ya shigo da shi ya haɗa masa shayi. Baƙon ya zaro bindiga ya yi garkuwa da malamin da wasu masu ibada wajen awa 11, sai da malamin ya jefe shi da kujera suka tsere. Karɓar baƙo umarni ne a addinin, kare rai ma umarni ne. Yau majami'u da yawa a Turai da Amurka suna da masu gadi da kyamarori, kuma kuɗin tsaro na cin kaso mai tsoka na abin da jama'a ke tarawa.

Ba duka labarin ne baƙi ba. Bayan harin Pittsburgh ƙungiyoyin Musulmin Amurka sun tara fiye da dala 200,000 don iyalan mamatan, kuma da aka kashe masallata 51 a Christchurch a Maris na 2019, Yahudawan Pittsburgh suka tara nasu suka aika. A garin Victoria na Texas, da aka ƙone masallaci a 2017, Yahudawan garin suka miƙa wa Musulmi makullin majami'arsu.

Sai 7 ga Oktoban 2023, wadda ta faɗo a ranar bikin sauke Attaura a Isra'ila. Harin Hamas ya kashe kimanin mutum 1,200, aka tafi da wajen 250. Yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar ya kashe dubun-dubatar Falasɗinawa, ya mayar da yawancin Gaza kango. A majami'u an koma ga kayan da aka gada: Zabura ta 121 da ta 130, tsohuwar addu'ar fursunoni, kujerun da aka bari babu kowa. Amma wannan tsanani ya bambanta da na baya ta fuska ɗaya babba. Kusan duk addu'o'in an tsara su ne don mutanen da ba su da ƙarfi, yanzu kuwa akwai ƙasa mai soja da ke cewa da sunansu take yaƙi. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan 8 cikin 10 na Yahudawan Amurka suna ɗaukar damuwa da Isra'ila a matsayin wani ɓangare na Yahudancinsu, amma damuwa ba ita ce goyon bayan gwamnati ba. An yi ta sa-in-sa a kan ko za a ambaci mamatan Gaza a addu'a, da ko za a ci gaba da addu'ar da aka tsara wa ƙasar a 1948. Hasidawan Satmar ba su taɓa yin ta ba, don tun asali ba su yarda da kafa ƙasar ba. Wasu matasa sun fice sun kafa nasu jam'in, wasu sun yi zanga-zangar neman tsagaita wuta sanye da mayafin addu'a, wasu iyayen kuma 'ya'yansu ne ke bakin daga. Malamai da yawa sun shiga tsaka mai wuya, duk abin da suka faɗa a mumbari wani zai tashi ya fita. Wanda ya ɗauki tsohon da ke jiran na goma a wata majami'a a Ingila ya ɗora masa alhakin abin da soja ya yi a Gaza, lissafinsa ɗaya da na wanda ke kai wa masallaci hari don abin da wani ya yi da sunan Musulunci.

Ko a Pittsburgh ba a taru an zama ɗaya ba. Da aka zo shari'ar maharin, ɗaya daga jama'u ukun da malamin wata sun nemi gwamnati kada ta nemi hukuncin kisa, suna kafa hujja da yadda malaman Talmud suka tsaurara sharuɗɗansa har ya kusan gagara. Yawancin iyalan mamatan kuwa suka ce a nema. A Agustan 2023 masu taya alƙali yanke hukunci suka yanke masa kisa. A 2024 aka rushe yawancin tsohon ginin don a gina sabo mai haɗe da majami'a da wurin tunawa, jama'u ukun kuma tun bayan harin suka koma yin ibadarsu a ɗakunan da wasu majami'un garin suka ba su.